Kan Jaririna Yana Ta Ƙaruwa, Maigida Ya Ƙi Sa Hannu a Yi Masa Tiyata

Assalamu alaikum, Anti. Ni matar aure ce, muna zaune a Agege, maigidana yana sana'ar kayan gwari a kasuwar Mile 12. Wata biyar ke nan da na haifi ɗana na uku a gida. Bayan suna da 'yan kwanaki ya yi zazzaɓi mai zafi da jijjiga, muka kwanta a asibiti sati biyu, aka sallame mu. Tun yana wata uku na lura kansa yana ƙaruwa fiye da ƙima, hulunan da na saya masa duk sun daina shiga, maɗigarsa ta kumbura ta yi tauri, idanunsa kuma suna kallon ƙasa. An tura mu babban asibiti aka yi hoto, likita ya ce ruwa ne ya taru a ƙwaƙwalwarsa, sai an yi tiyata an sa masa roba daga kai zuwa ciki. Yau sati uku ke nan. Maigida ya ƙi sa hannu, ya ce ba zai bari a fasa kan jariri ba, domin wani abokinsa ya gaya masa cewa wani yaro a danginsu ya rasu bayan irin wannan aikin. Surukata ta aiko daga gida a kawo shi a yi na gargajiya, wasu har suna raɗe-raɗin wai ɗan ruwa ne. Na kuma ji an ce akwai wani aikin da ba a sa roba. Anti, ba na iya barci, gani nake laifina ne da na haihu a gida. Me zan yi?

Maman yara, Agege, Legas

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba yaron nan lafiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Kafin in taɓa maganar maigida ko ta surukarki, akwai abin da ba zai jira ki gama karanta wannan amsa ba. Idan a yanzu yaron yana amai a kai a kai, ko ya ƙi kama nono, ko barcinsa ya yi nauyin da sai da ƙyar ake tashinsa, ko kukansa ya koma mai tsini marar yankewa, ko jijjigar ta dawo, ko numfashinsa yana ɗaukewa, to ki ɗauke shi ki nufi sashen gaggawa na yara a asibitin da aka gan shi, ko da tsakar dare ne, ki kira babansa kina kan hanya. Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, kina da 'yan kwanaki na lallashi da shiri, amma kwanaki na ce, ban ce watanni ba.

Batun laifi kuma, ki sauke shi daga ranki. Gaskiya ne cewa ƙwayoyin cuta sukan sami hanyar shiga jikin jariri a kwanakinsa na farko, ta cibiya ko ta jini, kuma haihuwa a wuri mai tsafta tana rage wannan haɗari, amma jariran da aka haifa a asibiti ma yana samun su. Abin da na gani a wasiƙarki shi ne uwar da ta kai ɗanta asibiti lokacin da ya yi jijjiga, ta lura hula ta daina shiga, ta bi takardar da aka ba ta har gaban likitan ƙwaƙwalwa. Da yawa sai kai ya yi nauyin da yaro ba ya iya ɗaga shi sannan ake kawo su.

Zai yi miki amfani ki fahimci abin da ke faruwa, domin da shi za ki yi wa maigida bayani. Kowane ɗan Adam yana da wani ruwa garai a cikin kansa, wanda ake samarwa a wasu koguna, wato ramuka, guda huɗu da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa. Yana bi ta ƙananan hanyoyi ya zagaye ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya, sannan jini ya tsotse shi. Jikin babban mutum yana samar da kimanin rabin lita a kullum, kuma samarwar ba ta tsayawa dare da rana. Idan wata hanya ta toshe, ko wurin tsotsewar ya lalace, ruwan zai ci gaba da zuwa ba tare da mafita ba, kamar yadda kika sha gani a unguwa idan kwalbati ta cushe da damina. Ƙasusuwan kan jariri ba su gama haɗewa ba, shi ya sa kan yake buɗewa ya ba ruwan wuri, maɗiga ta kumbura, jijiyoyin fatar kai su fito raɗa-raɗa, idanu su karkata ƙasa har farin ya bayyana a sama. Abubuwan da ke jawo haka sun haɗa da sanƙarau da makamantansa a farkon rayuwa, da zubar jini a ƙwaƙwalwar bakwaini, da haihuwar yaro da tsagewar ƙashin baya, da ƙuncin hanyar ruwan tun daga ciki, da ƙari. Likitan da ya ga hoton shi zai faɗa miki na ɗanki, amma zazzaɓin nan da jijjigar bayan suna sun yi kama da na farko. A wani asibitin yara da ke Mbale a ƙasar Yuganda, inda aka yi wa dubban jarirai wannan aiki, an gano cewa kusan kashi 60 cikin 100 na masu wannan lalura daga irin wannan ciwon na jarirantaka suka samo ta.

Inda lissafin maigida ya kuskure shi ne, yana ganin da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, wato idan ba a yi aikin ba yaron yana nan yadda yake. Ba ya nan yadda yake. Kowane sati ruwan yana ƙara danne ƙwaƙwalwa yana matse ta a jikin ƙashi har ta yi siriri, yana kuma danne jijiyar gani, kuma abin da ya mutu a nan tiyata ba ta dawo da shi. Abin da take yi shi ne tsayar da ɓarnar da ba ƙwaƙwalwa sarari ta ci gaba da girma. Babu ƙwaya ko allura ko jiƙo da ke buɗe hanyar da ta toshe. An gwada magungunan rage ruwa a kan jarirai, ba su hana buƙatar tiyata ba. Ina kuma roƙonki da babbar murya kada ki bari wanzami ya yi wa kan nan tsaga ko ƙaho ko sakiya, kada a shafa masa wani abu mai ƙuna, domin fatar ta riga ta miƙe ta yi laushi, kuma ƙurji ɗaya a kanta ya isa ya sa likita ya ɗage aikin, tunda ba a bi da roba ta ƙarƙashin fata mai ciwo.

Robar da likita ya ambata ita ce ake kira shant, kuma kalmar "fasa kai" ta fi aikin ban tsoro. Ana sa yaro barci, a yi ɗan yanka a fatar kai, a huda ƙashi ƙaramar huda, a zura bakin wata siririyar roba mai laushi cikin kogon da ruwan ya taru. Sauran robar tana bi ta ƙarƙashin fata, ta bayan kunne, ta wuya da ƙirji, har cikin kogon ciki, ba cikin tumbi ko hanji ba, inda jiki ke tsotse ruwan da kansa. A tsakani akwai bawul mai barin ruwa ya fita idan ya yi yawa, ya kuma hana shi komawa. Babu abin da ke leƙowa waje. Idan kika shafa bayan kunnen yaron da aka yi wa, za ki ji wani ɗan tudu kamar ƙwallon dabino a ƙarƙashin fata, in gashi ya fito ma ba a ganinsa. Akan bar rarar roba a naɗe a ciki domin ta riƙa warwarewa yayin da yaro ke tsawo. Aikin kansa bai cika wuce awa ɗaya ko biyu ba. Ba kuma sabon abu ba ne da za a ce gwaji ake yi da ɗanku: wani makaniki a Amurka mai suna John Holter, wanda aka haifa masa ɗa da wannan lalura a 1955, shi ya ƙera bawul ɗin roba tare da likita Eugene Spitz a 1956, kuma tun daga lokacin ake amfani da irinsa a duniya.

Ba zan ɓoye miki aibin shant ba, domin idan na ɓoye, ranar da maigida ya ji shi a bakin wani zai daina yarda da sauran maganata. Roba ce, tana toshewa, tana iya gocewa ko tsinkewa, ƙwayoyin cuta kuma suna iya kama ta, galibi a watannin farko bayan aiki. Kimanin yara 4 cikin 10 sukan buƙaci a sake komawa ɗakin tiyata domin gyara ko sauya ta a cikin shekara biyun farko, kuma mafi yawan waɗanda aka sa wa za su zauna da ita iyakar rayuwarsu. Saboda haka labarin abokin maigida yana iya zama gaskiya, kada ki ƙaryata shi. Sai dai abin tambaya shi ne yaushe aka kai wancan yaron, a wane hali, kuma da robar ta sami matsala kwana nawa aka yi kafin a koma asibiti. Toshewar shant abu ne da ake gyarawa idan an zo da wuri, yana kuma kisa idan aka zauna ana ba da maganin zazzaɓi a gida.

Aikin da kika ji labari, wanda ba a barin roba, shi ma gaskiya ne, likitoci suna ce masa ETV. Ana zura wata siririyar na'ura mai kyamara cikin kogon ruwan, a huda ƙasan kogo na uku, ruwan ya sami sabuwar hanya ya kewaye wurin da ya toshe. A jarirai akan haɗa da ƙone wani sashe na naman da ke samar da ruwan domin a rage yawansa. Likitan da ya haɗa waɗannan biyun ya yaɗa su, Benjamin Warf, a asibitin nan na Mbale ya yi haka, kuma dalilinsa ya shafe ki kai tsaye: iyayen da ke zuwa masa daga ƙauyuka masu nisa suke, idan roba ta toshe ba za su iso a kan lokaci ba. A 2017 an buga sakamakon wani bincike da aka yi a can kan jarirai 100 da suka sami lalurar bayan ciwon jarirantaka, aka yi wa wasu shant, wasu kuma aikin na'ura, bayan shekara guda ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba a bunƙasar fahimtarsu. Amma ba kowane yaro yake dacewa da shi ba. Ya fi yin nasara ga yaron da ya haura shekara da wanda toshewarsa a wuri ɗaya take, nasararsa kuma tana raguwa ga ƙaramin jariri da wanda ciwo ya bar masa tabo a hanyoyin ruwan. Hudar tana iya rufewa, yawanci a watanni shidan farko, daga nan sai a sake ko a koma ga shant. Wani lokaci ma sai likita ya leƙa ciki sannan zai ga ba za ta yiwu ba, ya sa roba a nan take. Don haka kada ki je da niyyar zaɓa kamar mai zaɓen atamfa. Ki tambayi likitan ko hoton ɗanki ya nuna zai dace da ETV, ko suna yin sa a wurinsu, in ba sa yi ina ake yi, kuma jiran zai ɗauki kwana nawa. Idan neman aikin da babu roba zai ci muku wata guda, ni a ganina shant ɗin da za a yi a wannan satin ya fi.

Yanzu maigida. Ban ga mugunta a ƙin sa hannunsa ba, tsoro na gani. Mutumin da aka miƙa wa takarda da biro aka ce ya amince a shiga kan ɗansa, yana jin cewa in wani abu ya faru da hannunsa ya jawo, ga mahaifiyarsa ta riga ta faɗi nata, ga kuɗin da wataƙila bai san ta inda zai fito ba kuma nauyin faɗa yake ji. Idan kika tunkare shi da kuka da zargi, zai ƙara kafewa. Ki sami tef ɗin tela, ki auna kan yaron ta saman gira zuwa inda ƙeya ta fi tudu, a gabansa, ki ba shi ya rubuta lambar da ranar da hannunsa, bayan kwana uku ku sake. Jariri mai lafiya ana haifarsa da kai mai kimanin santimita 35, idan kuma ya kai watannin ɗanki na yanzu, ƙaruwar kimanin santimita ɗaya ce a wata. Ɗan kasuwa ne, ya san abin da lamba ke nufi idan tana hawa. Sannan ki roƙe shi abu ɗaya kawai, ba sa hannu ba: ya bar kasuwa rana ɗaya ya raka ki asibiti ya ji daga bakin likita, a nuna masa hoton, ya yi duk tambayar da ke ransa, har da ta yaron da ya rasu. Idan Turanci ko Yarbanci zai hana shi sakin jiki, ku tafi da wanda zai yi tafinta, namiji wanda yake jin nauyinsa. Ranar da likitocin ƙwaƙwalwa ke ganin marasa lafiya, layin cike yake da iyayen da suka kawo yaransu a duba su bayan aiki. Ki sa ya gaisa da wani uba a cikinsu, ya ga yaro yana wasa da robar a jikinsa. Gani ya kori ji. In duk wannan bai yi ba, ki kai maganar ga wanda ba ya iya musa wa, ko yayansa ne, ko ubangidansa a kasuwa, ko limamin masallacinku, ki kuma gaya wa likita da ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin halin da ake ciki, domin ba yau suka fara ganin uban da ya ƙi sa hannu ba, kuma su za su faɗa miki abin da ƙa'ida ta ba ki dama a kai idan abu ya zama na gaggawa.

Surukarki kuwa jikanta take so, da abin da ta sani take neman taimakonsa. Bai kamata ke ki ce mata a'a ba, ɗanta ne zai yi wannan, cikin ladabi. A gaya mata ana buƙatar addu'arta da saukar Alƙur'ani da sadaka, a fara tun yau, idan da hali ma a ɗauko ta ta zo ta zauna da sauran yaran yayin da kuke asibiti. Wanda aka ba aiki a cikin lamari ba ya zama abokin gabarsa. Abin da ba zai yiwu ba shi ne ɗaukar jariri mai irin wannan kai a yi kwana da yini a mota, a nisanta shi da likitan da ya san shi. Masu cewa ɗan ruwa ne, kada ki ɓata bakinki a kansu, amma kada ki bar yaron da su ko na minti ɗaya. Ɗan mutum ne, ciwonsa yana da suna kuma ana ganinsa a hoto. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci bayin Allah su nemi magani, kuma malamin tiyatar nan na Andalus, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda ya rasu a 1013, ya yi bayanin taruwar ruwa a kan jarirai da yadda ake fitar da shi, shekara dubu da suka wuce. Wannan ya isa amsa ga mai cewa abin na Turawa ne.

Game da kuɗi, ki nemi a rubuta muku lissafi dalla-dalla, na robar daban, na ɗakin tiyata daban, na gado da magunguna da gwaje-gwaje, domin da takarda a hannu ake neman taimako, ba da baki ba. Ki tambaya ko suna da shant ɗin Chhabra da ake yi a Indiya, wanda kuɗinsa bai kai kusa da na Turai da Amurka ba, kuma da aka gwada su a Yuganda ba a sami bambanci a sakamakon shekarar farko ba. Asibitocin koyarwa na gwamnati, LASUTH a Ikeja wanda ya fi kusa da ku, da LUTH a Idi-Araba, duk suna da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa, kuma sun fi masu zaman kansu sauƙi, sai dai a yi haƙuri da layi. Akwai gidauniyar Festus Fajemilo a nan Legas da ke aiki da iyayen yara masu wannan lalura. Ga kuma ƙungiyar 'yan kasuwarsu, da fadar Sarkin Hausawan Agege, da masu fitar da zakka. Neman taimako domin ran jariri ba abin kunya ba ne, ko da yake na san wa maigida zai yi nauyi, don haka ki bar wani babba ya yi masa jagora.

Kafin ranar aiki za a iya ɗibar ruwan a gwada, idan aka sami sauran ƙwayoyin cuta sai an kashe su tukuna, kada wannan jinkirin ya sa ku zaci an yi watsi da ku. Ki ci gaba da ba shi nono sosai har zuwa lokacin da aka ce ki dakata, yawanci awa 4 kafin a sa shi barci, ki riƙa juya masa kwanciya domin kada gefe ɗaya na kan ya yi gyambo, ki tallafe kan da tafin hannu duk lokacin da za ki ɗauke shi. Bayan aiki maɗigar za ta saki, amma kan ba zai koma ƙarami ba, jiki ne zai girma ya cim masa a hankali. Kada kowa ya riƙa danna tudun bayan kunnen. Alamomin da na lissafa miki a farko su ne kuma alamomin toshewar roba ko rufewar huda, tare da zazzaɓi, ja ko kumburi a kan hanyar robar, ruwa daga wurin ɗinki, ko kumburin ciki. Kowanne kika gani, asibitin da aka yi aikin za ki nufa, ba kemis ba. Ki adana takardar da ke nuna irin aikin da ranar da aka yi shi, kuma duk lokacin da za ku je gida ganin dangi, ku san tun kafin ku tashi inda likitan ƙwaƙwalwa mafi kusa yake, ko asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ne, ko na Shika a Zariya, ko na Sakkwato.

Tambayar da ba ki rubuta ba amma na san tana ranki ita ce ko zai yi tafiya, ya yi magana, ya shiga makaranta. Yara da yawa da aka yi wa aiki suna yin duk wannan, wasu kuma suna samun jinkirin zama da tafiya, ko raunin gani, ko farfaɗiyar da ake riƙewa da magani, kuma abin da ya fi yanke hukunci shi ne irin ɓarnar da ciwon farko ya yi da tsawon lokacin da ruwan ya ɗauka yana danne ƙwaƙwalwa. Na farkon ya riga ya wuce, na biyun kuwa har yanzu yana hannunku. Ki nemi a haɗa ku da masu gashin ƙashi tun da wuri, a duba idanunsa da jinsa, a ci gaba da rigakafinsa kamar kowane yaro. Ki auna kan yau da daddare idan baban ya dawo, ki kuma rubuto mini lambar da abin da ya ce.